Ƙwaryar Inna Ta Hana Ni Zuwa Gida

Hajiya Baturiya, don Allah ki ba ni shawara, abin nan ya hana ni sakat.

Ni mutumin Morai ne, ina sayar da albasa a Fatakwal. Shekarun baya gyambon ciki ya fashe mini, aka yanke wani sashe na cikina. A gida an ɗauka tunda an yi aiki, an warke ke nan. Ina fa! Loma kaɗan na ƙoshi. In na sha fura da nono da sukari, sai gumi da jiri, zuciya na dukan uku-uku, sai gudawa. Duk na rame.

Ita kuwa Inna, mahaifiyata, a wurinta hura, yadda muke ce wa fura can, ita ce maganin komai. Duk motar albasar da ta taso daga Bakolori, can wajenmu, sai Inna ta ba direba garin furar da ta daka da hannunta ya kawo mini. Maƙwabta nake ba. In ta kira, in ce na sha, ta yi ta sa mini albarka. Albarkar nan ke ƙona ni.

Zuwana gida na ƙarshe ta dama mini fura, na kurɓa na ture ƙwaryar. Kawu Ishaku ya ce kudu ta koya mini raina abincin gida. Inna ta ɗauke ƙwaryarta. Na ji haushi, wallahi, amma ban ga laifinsu ba, ba su san wuyar da nake sha ba. Tun ranar ban koma ba. Yanzu ƙafa ta kwantar da ita, kullum tana tambayar yaushe zan zo.

Ɗan Morai, Fatakwal

Malam, sannu da jiki. Abin da kake ji sananne ne bayan irin wannan aiki, ba raini ba ne. Ka koma wurin likita, a duba har da ƙarancin jini. Ka riƙa ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ka rage zaƙi, kada ka haɗa ci da sha lokaci guda.

Kawu ya yi saurin hukunci, amma kai ma ka bar su cikin duhu. Gudun kada hankalin Inna ya tashi, ka hana ta ganinka, wanda shi ya fi yi mata ciwo. Ka shirya ka tafi. Ka zauna gabanta ka faɗa mata gaskiya, har da zancen garin, sannan ka tambaye ta me za ta iya sa a dafa maka. Ba fura take so ka sha ba, so take ta ciyar da ɗanta. Ka ba ta wannan aikin, za ka ga ta fi likita tsanani wajen kula da cimarka.

Allah ya ba ku lafiya, ya sa ka same ta da sauƙi.