Binnen da Kwamfuta Ta Ƙi Karɓa

Zuwa ga mahaifina,

Bayan gaisuwa da girmamawa, Baba, ina rubuto maka daga ɗakin kwamfuta na sashenmu a Samaru. Ga damina ta biyu za ta faɗi ba ka duniya. Tun safe na kasa zama wuri ɗaya, in tashi in leƙa taga in dawo.

Ka san aikin digirin nan nawa: koya wa kwamfuta halin manoma, don ta yi hasashen abin da za su yi idan ruwa ya ci gaba da saɓa lokaci. Na koya mata cewa manomi sai ƙasa ta jiƙa yake shuka. Duk mutanen ƙauyenmu Bomo da na yi wa tambayoyi sun shiga lissafin lafiya lau. Kai kaɗai ka ƙi.

Kai binne kake yi. Ƙasa a bushe ƙamas za ka zuba gero ka rufe, wata shekarar ma zabi su tone rabi. Malamina ya ce layinka na cikin lissafin kuskure ne, in goge shi kafin Alhamis, ranar da zan kare aikin.

Na tuna ranar da na zaunar da kai a gindin ɗorawa, ina ta iyayi da biro. Ka amsa komai, sannan ka ce, "Malama, takardar taki ba ta da gurbin dalili?" Na yi dariya na wuce tambaya ta gaba.

Jiya na hau acaɓa zuwa Sabon Gari, wurin ƙanwarka Gwaggo Ladi, a rumfarta ta daddawa. Ita ta faɗa mini. Ashe tun rasuwar mijinta kake gamawa da gonarka da wuri, don ranar ruwan fari ka ɗauki sungumi ka shuka tata. Ko Inna ba ka taɓa gaya wa ba.

Baba, na ji kunya. Na gwada rubuta wannan da lamba, na kasa. Amma layinka yana nan ban goge ba, Alhamis ta zo da abin da za ta zo da shi.

Hadari na haɗowa ta wajen Bomo. Gonar Gwaggo bara ba a shuka ta ba. Na aika wa Inna ta nemo mini sunguminka.

Allah Ya jiƙanka, Ya sanyaya makwancinka.

'Yarka,
Talatu