Allurar da Take Juyawa

Litinin, 3 ga Maris

Ko rigar makaranta ban cire ba Baba ya ƙwala kira: "Uwata, akwati na jiranki." Ɗinki ashirin yau.

Malamar kimiyya ta tambaye ni aikin Baba, na tsaya kamar an ɗinke min baki. A littafin nan dai zan iya faɗa. Shekara uku ke nan yana ƙera abin riƙe allura na tiyatar da ba a farke ciki, sai dai a huda ƙananan kafofi a zura kyamara da kayan aiki. Ya kai kamu guda, siriri kamar biro, da ɗan baki a ƙarshe mai cafke lanƙwasasshiyar allura. Shi ne na bakwai da ya ƙera, muke ce masa Lamba Bakwai. Umma kuwa "ƙaninki" take cewa, wai shi kaɗai ake yi wa wanka sau uku a rana a gidan nan.

Hannun Baba ya fara rawa, don haka ni ke gwadawa a cikin rufaffen akwati, ina kallon allo. Ni ke cika takardar gwaji ma.

Alhamis, 6 ga Maris

Mun bar ɗinkin soso, mun koma hanjin rago daga wurin mahauci. Ƙarni har cikin gashina.

Umma ta yi tari ɗazu, sai da ta danne cikinta da filo. Shekara huɗu ke nan da yi mata tiyata. Da ƙananan kafofi aka fara, allura ta kufce a ciki, dole aka farke ta tun daga ƙirji har mara. Har yau ba ta ɗaga bokitin ruwa. Baba bai taɓa cewa saboda ita yake wannan wahala ba. Ba sai ya faɗa ba.

Asabar, 8 ga Maris

Akwai abin da ban sa a takarda ba.

In allura ta jiƙe, juyawa take a bakin ƙarfen. Sau goma sha ɗaya tun Alhamis. Da ta fara na ɗaga kai zan faɗa, sai na gan shi can bakin teburinsa yana goge wani ƙarfe, har da 'yar waƙa a hanci. Rabon da in ji haka tun kafin tiyatar Umma. Na haɗiye maganar.

Na gano in na tokare ƙasan mariƙin da ƙaramin yatsana, ba ta juyawa. Sai in sake ɗinkin, in sa alamar daidai. Ai daidai ɗin ya fita daga baya. Haka dai nake gaya wa kaina.

Talata, 11 ga Maris

Likita ta zo, wadda take taimaka wa Baba tun farko. Ta duba takardata ta ɗaga gira.

"Ɗari da ashirin babu kuskure ko ɗaya? Injiniya, riƙe ƙarfenka, ka ba ni aron yarinyar."

Baba ya yi dariya har da ƙwalla. Ta gwada da hannunta, amma hanjin ya ƙare, a busasshen soso ta ɗinka. Ran Litinin za ta kai takardun gaban kwamiti. In sun yarda, mataki ɗaya ya rage a fara sa shi a cikin mutane.

Ta tambaye ni ko yana ba ni wahala. Na girgiza kai. Ni da ko ƙaryar ciwon kai ban taɓa yi a aji ba.

Laraba, 12 ga Maris

Ƙaramin yatsana ya yi kanta.

Juma'a, 14 ga Maris

Na taya Umma wanka. Ta kama ni ina kallon tabon.

"Ke, kin zuba min ido kamar yau kika fara gani. Titin jirgin ƙasa ne, hau ki wuce."

Na ce, Umma, wanda ya ƙera wancan ƙarfen da aka yi muku aiki da shi ya san yana sakin allura kuwa?

"Oho masa. Ni dai na san nawa. Miƙo zanen, sanyi nake ji."

Likitocin da za su riƙe Lamba Bakwai ba su san zancen ƙaramin yatsa ba. Wa zai gaya musu?

Lahadi, 16 ga Maris

Sau uku ina zuwa ƙofar ɗakin aikinsa ina komawa. Ƙarshe na jiƙa allura, na zauna gaban akwati, na ce, "Baba, ku dubi allo." Na janye yatsan. A ɗinki na biyu ta juya.

Ya ce in sake. Ta sake juyawa.

"Tun yaushe?"

"Tun da muka koma hanji."

"Sau nawa?"

"Sha ɗaya. Ban da na yau."

Ya ɗauki takardar ya daɗe yana kallon alamomina, a jere, tsaf, da jan biro. Na so ya yi faɗa. A hankali ya ce, "Da sai an sa shi a cikin uwar wani za ki faɗa?"

Ya fita waje ya kira Likita a waya. Sau biyu na ji ya ce, "Laifina ne." Da ya dawo, da sunana na yanka ya kira ni, ya ce in wanke akwatin.

Litinin, 17 ga Maris

Ba a kai takardun ba. Kwamiti sai baɗi.

Asabar, 29 ga Maris

A ɗakin aiki yake cin abinci yanzu. In na gaishe shi yana amsawa, shi ke nan. Umma ta ce, "Ke da ubanki an yi barewa da ɗanta, kowa ya iya cinye magana har ta ruɓe masa a ciki." Wai ba da ni yake fushi ba. Ban yarda ba.

Na ci tara cikin ashirin a gwajin lissafi. Babu wanda ya tambaya.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Lamba Takwas. Ya yi wa bakin ƙananan haƙora. Bai kira ni ba, Umma ya aiko.

Ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, idonsa a kan allo, takardar a cinyarsa. Ya rame. A ɗinki na huɗu allurar ta motsa, kaɗan ƙwarai. Shi bai ma gani ba.

Na ce, "Ta juya."

"Kin tabbata? Ko dai hannunki ne?"

"Ba hannuna ba ne, Baba. Ƙarfen ne."

Ya kasa riƙe biron sosai, na karɓa na rubuta da kaina. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Na jira tausayin da ya sa na ɓoye masa a baya ya dawo, bai zo ba. Wataƙila gajiya ce ta hana, ban sani ba.

Na sake jiƙa allurar. Na ce masa saura sha shida.