Hular Jethro da Jifa na Shida

Danau Kota, Kuala Lumpur
3 ga Maris

Mamana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya ƙafarki, ya yayana Eli, ya mutanen Narayi? Kin ce maganar Baba kada in yi miki ita a waya, in rubuto, ki karanta ranar da zuciyarki ta yarda. To, ga ta.

Na same shi. Yana Brickfields, unguwar Indiyawa, a wani ɗaki bisa shagon masu sayar da furanni, har rigunansa ƙanshin fure suke yi. Dogo ne kamar yadda kika ce, sai dai gwiwarsa ta dama ba ta lanƙwasuwa. Akwai wani dattijo, Pak Adnan, mai kula da filin da Baba ya yi shekaru yana koya wa yara kurket, wasan nan na jifan ƙwallo da bugu da sanda. Shi ya ce min lokacin da Baba ya zo yi wa ƙasarmu wasa, in ya taho a guje zai yi jifa, mai riƙe da sandar bugu addu'a yake farawa. Wai ba a ganin ƙwallon, iskarsa kawai ake ji.

Mama, likita ya ce ƙwaƙwalwarsa ta fara zubar da abubuwa. Jiya ya gane ni, yau ya tambaye ni ko 'yar jarida ce ni. Sunanki dai bai tafi ba tukuna. Likitan ya ce in za a kai shi gida, a kai shi yanzu, tun yana sanin inda gida yake. Na roƙe shi har da kuka, amsarsa ɗaya ce: "Saura jifa ɗaya."

Kuma ba ya sa hula, ga rana tana gasa masa ka. Na sayo masa wata a kasuwar Masjid India, na ba shi a filin. Ya naɗe ta, ya miƙo min, ya juya ya yi ta tafiya ba waiwaye. Na bi shi da gudu na ɗora masa a ka. Kai, Mama, ya fusata! Ya wuni ko abincin da na ƙunso masa daga shago bai taɓa ba. Me na yi?

Ki huta lafiya.
'Yarki, Mirabel

Narayi, Kaduna
19 ga Maris

Mirabel 'yata,

Muna lafiya, ƙafa dai ƙafar tsohuwa ce. Na karanta takardarki, na ajiye, na share tsakar gidan da ba ta yi datti ba, na dawo na sake karantawa.

Ke kuwa, da duk bokonki, wa ya ce miki ana mayar wa mai jifa hula a tsakiyar aiki? Saurara. Mai jifa shida yake jefawa a jere, shi suke kira oba. Kafin ya fara sai ya cire hula ya ba alƙalin wasa ya riƙe masa. Ba ya karɓa sai alƙali ya ɗaga murya ya ce "Oba!" Sannan ya sa hularsa, ya tafi can bakin fili ya sha ruwa. Tafiyar da kika ga ya yi ba gudunki yake ba, wurin da zai faro gudu ya nufa. Ya maishe ki alƙali ne, ke kuma kika kore shi daga fili.

A wasansu na ƙarshe a can ya jefa biyar, yana cikin gudun na shida gwiwa ta ba da shi. Aka kwashe shi sai asibiti, wani ya ƙarasa masa, hula ta bi alƙali. Lokacin ina ɗauke da cikinki. 'Yan wasa suka dawo ban da shi. Wai sai ya warke, wai sai ya ƙarasa, wai da wace fuska zai sauka Kaduna. Ga ki yau kin isa aure, mutumin bai ƙarasa ba.

Da kin gan shi a filin nan na Kaduna da yamma! Ni ina gindin darbejiya a bakin fili da gorar ruwa, shi kuma ya faro daga nesa, farar riga tana kaɗawa, ƙafarsa kamar ba ta taɓa ciyawa. Har yau wani sa'in ina tsince shinkafa sai in ji takun nan yana matsowa, in ɗaga kai, in ga kaji ne. Kada ki zaci na huce, haushinsa nake ji har gobe. Amma ba na so ya manta da ni a ƙasar mutane.

In ya sake miƙo miki, ki riƙe. Ki tsaya bayan sandunan nan uku da mai jifa yake auna, ki haɗe rai. Ban da sannu, ban da "Baba a hankali". Alƙali ba ya lallashi.

Allah ya tsare ku.
Mamanki, Elizabeth

Danau Kota
6 ga Afrilu

Mamana,

Barka da Asabar.

Ruwan la'asar ya ɗauke, tururi yana tashi daga ciyawa, dogayen gine-ginen nan sun ɓace rabi a cikin gajimare. Pak Adnan ya kafa sanduna, ya ɗauki sandar bugu yana cewa "Boleh, boleh," wato zai yiwu. Baba ya miƙo hula, na riƙe, na haɗe rai yadda kika ce. Ya yi ta tafiya yana goga wani tsohon jan ƙwallo a wando, har ya zama ɗan fari-fari a cikin tururin.

Sai ya taho. Da fari jan ƙafa yake, na ciji leɓe don kada in ce sannu. Da ya matso, Mama, ban san me na gani ba. Kafaɗunsa suka buɗe, na daina jin jan ƙafar, na ji takun da kike faɗa. Hannu ya zagayo ta saman kansa, iska ta shafi kunnena. Ƙwallon bai yi sauri ba, kuma bai sami sanduna ba. Amma ya wuce Pak Adnan, shi kuwa ya rantse da gaske ya kai bugu.

Baba ya tsaya dafe da gwiwa yana kallona. Ni kuwa na tsaya riƙe da hular. Ya jira, na ga idonsa ya fara nisa, irin nisan da yake yi in zai manta da ni. Na ƙwalla: "Oba!"

Ya karɓi hula, ya sa, ya ce, "Na gode, alƙali." Ya taka har bakin fili, gindin wata bishiya, yana waige-waige. Na kai masa ruwan roba, ya girgiza kai. "Ba ke ba," in ji shi. "Ina mai gorar?"

A jirgin ƙasa muna komawa ɗakinsa ya ce in ba shi takarda. Ga ta nan, ban gyara komai ba.

Taki, Mirabel

Lizi,

Ina gaishe ki da kyau. An gama oba, an ba ni hulata. Na daɗe, na sani. Na zo bakin fili ban gan ki ba. Kina nan?

Jethro

Narayi
17 ga Afrilu

Jethro,

Ina amsawa. Darbejiyar an sare ta tuntuni, an yi shaguna a wurin. Ruwan ma ya yi zafi.

Ina nan. Ka biyo alƙali, ta san hanya.

Lizi