Lungun Bayan Aji Uku

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki, ta daina kumburin? Mu nan sai godiya.

Akwai wani lungu a bayan ajina da na roƙa aka bar min shi da ciyawarsa. Can nake kai 'yan aji ukuna duk Laraba, su tsuguna su kalli tururuwa da ƙadangaru. Kwanakin baya muka sami tsutsotsi goma sha ɗaya a kan wani ɗan itace, suna ta cin ganye. Yanzu duk sun naɗe kansu cikin kwanso, suna rataye a reshe, kuma na yi wa yaran alkawari mako mai zuwa za su gani da idonsu yadda malam-buɗe-littafi zai fito. Ko lokacin hutu ba sa zuwa wasa, can suke tafiya gadi.

Hedimastanmu kuwa bai taɓa taka wurin ba, kada takalminsa ya yi ƙura. A wajensa duk abin da ke rarrafe ƙazanta ne. Amma jiya takarda ta zo, wai masu duba makarantu za su zo ran Litinin su ga yadda ake koyar da yara a waje, har da lambar yabo. Nan take mutumin naki ya zama masanin tsirrai. Ya tara mu ya yi ta cika baki, wai shi ya ƙirƙiro darasin. Na bar shi da halinsa, ni dai a bar min tsutsotsina.

Ki gaishe min da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, da fatan kowa lafiya. Ki yi haƙuri da rubutuna, raina a ɓace yake.

Ran Juma'a muna tsakiyar lissafi sai muka ji sara. Muka leƙa taga: mai kula da harabar makaranta ne da adda, Hedimasta na tsaye da ƙaton cikinsa yana nuni. Kafin in zagaya an kwashe ciyawar tas, an datse ɗan itacen, an shiga feshin maganin ƙwari, wai kada wani abu ya ciji baƙi. Na roƙe shi har muryata ta dushe, ya ce ya kamata in gode masa, ya fitar da ni kunya. Kwanson duk sun tafi cikin tarin shara, aka cinna masa wuta, yara talatin da huɗu suna kallo ta taga.

Lungun ya koma fili fetal kamar tafin hannu. Aka shafa wa duwatsu farin fenti, aka kafa furannin roba a layi, aka jera benci. Garin neman gira an rasa ido.

Na ce to, baƙin dai masu ilimi ne, za su gane. Ashe na yaudari kaina. Su uku suka zo, ba wanda ya sauka daga kan siminti. Babbarsu har ta sunkuya ta shinshina furen roba, ta gyaɗa kai. Ba wanda ya tambayi yaro ko kalma ɗaya. Suka ɗauki hoto, suka yaba tsafta, kuma mu muka ci lambar. Wallahi ban taɓa raina mutane kamar ranar ba.

Taki,
Auta

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga amsarki, kuma na ji shawarar da kika ba ni ta in kama bakina. Na kama, amma ki ji yadda aka ƙare.

Ofishin baƙin nan sun aiko, suna son zanen yara na malam-buɗe-littafin da Hedimasta ya ce musu an ƙyanƙyashe a lambunsa, za su manna a bangon zaurensu. Ko kunya babu ya kawo min hoto daga wata tsohuwar kalanda, ya ce su kwafa. Na kife hoton a kan tebur, na raba takardu, na ce kowa ya zana abin da idonsa ya gani a lungun.

Yaya, da suka gama na karɓi takardun na duba. Adda, hayaƙi, da wani mai tumbi yana miƙa yatsa, shi ne a kusan kowace takarda. Wata 'yar ƙarama da ke zama a gaba ta zana reshe da kwanso goma sha ɗaya, ta rubuta a ƙasa wai Malama ta ce mako mai zuwa. Na fita baranda na share hawayena.

Na haɗa su duka talatin da huɗun cikin ambulan, na kai masa. Ya rattaba hannu, ya buga hatimi, ya rubuta a bayanta cewa wannan aikin ɗalibansa ne ƙarƙashin kulawarsa. Bai buɗe ba, don bai taɓa duba aikin yaro ba. Da kansa ya ɗauka ya kai musu yau da safe, sanye da sabuwar riga.

In an sauya min makaranta, zan aiko miki da sabon adireshi. Ki sa ni a addu'a, ki shafa min kan yara.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta