Tayar da na sa wa Baba da hannuna, da dariyar taubashina

Assalamu alaikum Admin da jama'ar wannan gida. Admin, don girman Allah ka sakaya sunana, don in aka ga sunan to rabin Kurfi sun gane ni. 'Yan uwa don Allah ku ba ni shawara kafin Juma'ar nan, zuciyata tafasa take, kuma na san halina, in na yanke hukunci ni kaɗai ba zai yi kyau ba.

Ni malamin makaranta ne, ina koyarwa a Dutsin-Ma amma gidanmu Kurfi. Mahaifina dattijo ne, yana da ɗan mashin ɗin nan roba-roba, da shi yake zuwa gona da kasuwa da duk wata jana'iza ko suna. Shi ke buɗe masallacin unguwarmu tun ina yaro, sahun farko bayan liman nan ne wurinsa. Matsalar mashin ɗin guda ce, ƙaya. Hanyar gonarsa duk ƙaya ce, sati ba ya wucewa bai turo mashin da ƙafa ba, tsoho yana haki cikin rana. Abin yana damuna, sai na sayo mashi tayoyi tubles guda biyu, irin waɗanda ba su da tub a ciki, ko ƙaya ta soke su ba sa sacewa nan take. Mai shagon ya ce rim ɗin mashin Baba, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, zai ɗauka. Na ce a raina ni zan sa su da hannuna a tsakar gida, Baba ya fito ya tarar, ya sa mani albarka. Wallahi iyakar niyyata ke nan.

To ina da taubashi, ɗan Gwaggona ƙanwar Baba, bari in kira shi Ɗanjuma ko da yake ba sunansa ba ne. Mai faci ne, yana da rumfa a bakin titi da injin iska, 'yan acaba duk wurinsa suke zuwa. Kun san wasan taubasai, ni ɗan namiji shi ɗan mace, tun muna yara ina ce mashi bawana yana ce mani ɗan boko mai hannun biredi. Ya taɓa zuba mani barkono a fura, na taɓa ɓoye mashi takalma ranar Sallah ya je idi da silifas ɗin Gwaggo. Ba a fushi, haka muka taso, duk wanda ya kai ƙara ma dariya manya ke yi mashi. Na faɗi wannan ne don ku gane abin da ke tafe.

Ranar Asabar da hantsi Baba ya tafi ɗaurin aure a mota, na jawo mashin ƙarƙashin darbejiya. Na kalli bidiyo ya fi sau goma. Na kwance wili, wato ƙafar mashin, na cire tsohuwar taya da tub, na wanke rim tas, na sa sabon bawul na hura iska, na shafa ruwan sabulu a bakin tayar, na tura ta da ƙarfen cire taya a hankali don kada in karce rim. Ta baya ba ta ba ni wahala ba, ina buga famfon ƙafa ta yi ƙara tas, ta sake yin tas, wato gefe biyun sun hau bakin rim sun zauna. Ta gaba ce ta ce ba ta san zancen ba. In buga iska ta fice ta gefe, in buga ta fice, gumi har cikin idona. Tubles tana son iska mai ƙarfi lokaci guda, irin ta inji, famfona kuwa na ƙafa ne. Sai na tura wa Ɗanjuma saƙon murya, na ce bawana ina sa tubles a gida ta gaba ta ƙi zama, in kawo ka hura mani da inji? Ban ce mashi mashin Baba ba ne, don Ɗanjuma bakinsa ba ya riƙe magana, kafin azahar Gwaggo ta ji, kafin la'asar Baba ya ji. Ni ma ina da irin mashin ɗin, don haka ya ɗauka nawa ne.

Ya maido mani da amsa cikin natsuwa, ba dariya ba komai, kamar malami yana ba ɗalibi karatu. Ya ce ba sai na wahalar da kaina ba, in samu giris in cika bakin tayar da shi gefe da gefe, zai toshe inda iska ke fita, in buga famfo har ta yi tauri in na danna da yatsa, shi ke nan. Na ce to ƙarar fa? Ya ce ƙarar nan ta masu bidiyo ce, ba kowace taya ke yi ba, shi da ya shekara goma sha yana aikin ai ya fi su sani. Na yi yadda ya ce, iska kuwa ta tsaya. A nan zan faɗi laifina don ban zo in wanke kaina ba. Akwai wani siririn layi a jikin taya da ya kamata ya zagaye rim daidai, na ga a wuri guda ya nutse ciki. Na gani da idona. Amma na ce mai sana'a ya faɗa, kuma Baba ya kusa dawowa, ina so ya tarar da aiki a gama. Na zagaya unguwa sau biyu a hankali lafiya lau, na goge mashin na ajiye.

Baba ya dawo ya yi ta murna, ya shafa tayoyin, ya ce ashe bokon nan bai cinye hannunka ba, Allah ya yi maka albarka. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Kwana biyu bayan nan ya hau zai je ta'aziyya Dutsin-Ma. Waɗanda suka gani sun ce ya kauce wa rami ne ya taka burki, tayar gaba ta zame daga rim, iska ta fice gaba ɗaya, mashin ya watsar da shi a gefen kwalta. Ina cikin aji aka kira ni. Ƙashin ƙugu ya karye, ga goguwa a fuska da hannu. An yi asibiti, an yi ɗori, wata uku ke nan. Yanzu Baba da sanda yake takawa, daga ɗaki zuwa zaure sai ya huta. A kan kujerar roba yake sallah can ƙarshen sahu, goshinsa bai sake taɓa ƙasa ba, makullin masallaci ma an ba wani. Ranar da na ga yana ƙoƙarin sunkuyawa ya kasa, hawaye na bin gemunsa, fita na yi na bar masallacin.

Ku tambaye ni wa ya je ya ɗauko mashin daga bakin hanya. Ɗanjuma. Shi ya kawo wilin gida, ya nuna wa 'yan dubiya giris ɗin, yana girgiza kai yana cewa wa ke sa giris a tubles, wannan ai kisan kai ne, da an kawo mashi da minti biyar ya gama. A gabana ya faɗa. Na buɗe baki zan yi magana ya kalle ni ya ƙifta ido, na ɗauka yana nufin ba yanzu ba, Baba na kwance. Na ƙyale, na ce a raina ƙila shi ma kuskure ya yi yana jin kunya. Daga ranar sunana ya koma injiniya a unguwa, har yayyena mata suna ce mani ƙwauron kai wa mai faci ne ya sa na nakasa mana uba. Ɗanjuma kuwa kullum yana gidanmu, shi ke ɗaga Baba, shi ke kai shi wurin mai ɗori, Baba na ta sa mashi albarka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Baba bai zage ni ba ko sau ɗaya, da ma zagin ya yi. Abin da ya ce kawai, da ka kai wa ɗan uwanka. Tun daga nan in na gaishe shi sai ya amsa yana kallon bango.

Satin da ya wuce wani abokinmu da suke zaman majalisa ɗaya da Ɗanjuma ya same ni, ya ce abu na cin shi a rai, ya kasa haɗa ido da Baba a masallaci. Ya turo mani wani saƙon murya da Ɗanjuma ya tura wa 'yan majalisarsu a ranar Asabar ɗin nan, mintoci kaɗan bayan ya gama koya mani. Jama'a, dariya yake har da tari. Yana cewa yau ya kama ɗan boko, wai ya kalli bidiyo zai ƙwace wa masu faci sana'a, ya sa shi ya cika taya da giris, ku zuba ido za ku gan shi yana turo mashin daga hanyar Dutsin-Ma harshe a waje, sai ya durƙusa ya ce ubangidana kafin ya taɓa mashi ita. Na saurara ya fi sau talatin. Ashe ba kuskure ba ne, yana sane sarai.

Na same shi a rumfarsa na ja shi gefe na kunna mashi. Ya rantse da Allah bai san mashin Kawunsa ba ne, ya ce shi a zatonsa iskar za ta sace a hankali in yi ta turi, wasa ne irin wanda muka saba. Na ce wasa da tayar gaba, a kan kwalta? To da ni ne na faɗi na mutu fa, shi ma wasa ne? Na ce naka wasan na ji, amma wata ukun da ka yi kana nuna wa mutane giris kana cin albarkar tsoho a kan bayana, shi ma taubasantaka ce? Ya yi kuka, ya ce tsoro ne ya kama shi, hidimar da yake wa Baba ma neman gafara ce. Da ya ga ban sauko ba sai ya juya harshe, ya ce ai ba shi ya ɗaura tayar ba, hannuna ne, kuma in na fasa maganar nan na raba Baba da ƙanwarsa guda ɗaya da ta rage mashi, ga shi da hawan jini, duk abin da ya same shi ni ne karo na biyu. Wannan kalmar ta karo na biyu ita ce har yau take ci mani rai.

Zan faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba. Washegari da rana na ga mashin ɗinsa a ƙofar gidanmu, ya shiga wurin Baba, layin ba kowa. Na shiga na ɗauko sifana. Wallahi na durƙusa, na ɗora ta a kan notin tayar gabansa, na ce bari shi ma ya ɗanɗana wasan. Abin da ya tsayar da ni wani ɗan takalmin yarinya ne da na gani a rataye a jikin mashin, na tuna da mashin ɗin yake kai 'ya'yansa Islamiyya. Na tashi na mayar da sifanar. Wannan na bar shi har abada, na yi istigfari, amma kada ku ɗauka na huce. So nake ya ji kunyar da na ji. So nake ranar kasuwar Kurfi in je rumfarsa lokacin da 'yan acaba suka cika, in haɗa wayata da lasifika, kowa ya ji yadda mai facinsu ke wasa da ran mutane. In ya rasa masu kawo mashi aiki ya rasa, ni ma ai na rasa fuskar ubana.

Ana wata ga wata. Jiya Baba ya kira ni ɗakinsa, karo na farko tun faɗuwar. Na shiga da murna na ɗauka ya sauko. Ya ce ya lura ba na gaisawa da Ɗanjuma, kuma ya san dalili, wai kunya ce da girman kai don ya tona aikina. Ya ce na raina sana'ar ɗan uwana na tsallake shi, ga abin da ya jawo. Don haka ranar Juma'a bayan an sauko, Gwaggo za ta zo da sauran dangi, in ba Ɗanjuma haƙuri a gabansu, kuma in miƙa mashi makullin roba-robar da hannuna, ya ba shi kyauta tunda shi ba zai sake hawa ba. Ya ce in na yi haka ya yafe mani duniya da lahira. Ya kamo hannuna ya riƙe, rabon da ya taɓa ni wata uku. Na ce to Baba.

Na iya da Gwaggo na iya da dangi, Baba ne ban san yadda zan yi da shi ba. In na kunna saƙon nan na wanke kaina, amma tsohon da ke kan kujera zai ji ɗan ƙanwarsa, wanda ke ɗaga shi zuwa bayi kullum, yana dariyar abin da ya karya shi, ban san ko zuciyarsa za ta ɗauka ba. In na yi shiru na samu yafiyar da nake nema ido rufe, amma na same ta a kan ƙarya, kuma zan durƙusa wa mutumin da ya ce sai na durƙusa mashi, ya hau mashin ɗin Baba yana wuce ni a hanya. Masu cewa a bar wa Allah na ji, amma ku faɗa mani yadda ake yi a haɗiye irin wannan. Malamai na cikin gidan nan, yafiyar uba da aka samu da ɓoye gaskiya ta karɓu? Masu taubasai, a ina wasa ke ƙarewa?

Makullin mashin ɗin yana aljihuna na dama, wayar tana na hagu, Juma'a saura kwana biyu. Don Allah ku gaya mani wanne zan fiddo a gaban Baba.