Shekara Talatin Muna Kiransa Sabon Yaro

Anti Noeleen,

Don Allah ki raba ni da wannan ciwon kai, don matata ta ce in na sake tada maganar muna cin abinci, a gareji zan kwana.

Ni ne mawaƙin wata ƙungiyar kiɗan metal, irin mai ƙarar jita da ganga, a nan Wollongong ta Ostareliya, kuma bana faifanmu na farko ke cika shekara arba'in. Ba yabon kai ba, muna leburori a masana'antar ƙarfe muka yi shi, amma har yau da shi samarin garin nan ke koyon jita. Kin san al'ada: in faifai ya kai haka, sai a tara mutanen asali su buga shi daga waƙar farko har ta ƙarshe. Mashayar da muka fara wasa ta ba mu dandamali.

Matsalar ita ce mai jitar bes, jitar nan mai kaurin murya. Na asali, Murray, ya bar mu bayan faifai na biyu, ya tafi Perth sayar da kwale-kwale. Zoran ya maye gurbinsa, yau shekara talatin da ɗoriya. Shi ya tuƙa motar kayanmu har Darwin, shi ke ɗaukar akwatunan sauti tun da bayana ya riƙe. Gashinsa ya zube, har ya yi jikoki, amma Sabon Yaro muke kiransa. Haka harkarmu take, wanda ya zo daga baya ba ya tsufa. Masoyanmu da yawa ko sunansa ba su sani ba.

To, Murray ya ji labari ya bugo waya, wai yatsunsa na ƙaiƙayi. Mai gangarmu ya ce, "Mutumina, mutanen asali aka ce, Sabon Yaro zai gane." Ranar Lahadi muna gasa nama a gidana, sai mai gangar ya yi suɓul da baka a gaban kowa cewa Murray ne zai hau. Zoran ya juya naman da ke gabansa ya ce, "To ni ɗan dako ne ranar ke nan, ko?" Muka yi dariya, shi bai yi ba.

Anti, ina son Murray ya hau, don shi ya tsara kiɗan nan. Amma ina tsoron rasa Zoran, kuma wannan tsoron ya fi cin raina. Yaya zan yi?

Mai Tsohon Maƙogwaro, Wollongong

Malam Mai Tsohon Maƙogwaro,

Na taya ku murna. Ƙungiyar da ta kai arba'in ba a kai juna kotu ba ta cancanci biki.

Murray yana da haƙƙinsa. Hannunsa ne a faifan, kuma masu zuwa suna son ganin fuskokin da ke jikin kwalinsa, kada ka hana su. Amma faifan nan bai rayu a kan kantar shago ba. Ya rayu ne don ana buga waƙoƙinsa daga wannan mashaya zuwa waccan, kuma yawancin shekarun nan yatsun Zoran ne a kai.

Abin ba shi da wuya kamar yadda kake gani. Faifan wancan zamani bai kai awa guda ba, wasanku kuma ba nan zai ƙare ba. Murray ya buga faifan, Zoran ya karɓi sauran, waƙar rufewa su hau tare. Sunansa ya fito a fosta da girman na kowa. Kafin a buga fostar ka je gidansa kai kaɗai, kada ka ɗauki mai ganga, bakinsa ya riga ya yi ɓarna. Shawara za ka nema, ba sanarwa za ka kai ba. In ya faɗi abin da bai yi maka daɗi ba, ka haɗiye ka saurara. Ranar biki kuma ku nemi masu ɗaukar kaya, kada ya taɓa ko akwati ɗaya.

Na san Sabon Yaro sunan wasa ne, amma ranar Lahadin nan ka ga inda wasan ya ƙare. Idan ka zo gabatar da mutanenka a dandamali, ka kira cikakken sunansa da wannan tsohon maƙogwaron naka, ka tsaya sai jama'a sun maimaita.

Allah ya sa a yi biki lafiya. Ka gaida mini Zoran, ka ce masa ni dai na riƙe sunansa.

Anti Noeleen