Shinkafar Arba'in ɗin Mwindadi

Tanga. Juma'a, 6 ga watan Azumi 1334, Yulin 1916 a lissafin Turawa

Yau suka shigo. Ban gan su ba, ina ɗaki, amma na ji takalmansu ta bayan katanga. Jamusawa sun bi hanyar jirgin ƙasa sun tafi, Ingilishi sun sauko daga teku da sojojinsu 'yan Indiya. Maƙwabciyata Riziki ta ce an sauke tuta an ɗaga wata.

Ranar Litinin jirgin yaƙinsu ya yi ta sakin igwa a tashar ruwa. Mijina Mwindadi ya je ya janye kwalekwalensa kada ya fashe. Kwalekwalen yana nan lafiya lau. Shi aka kawo mini a kan ƙyaure.

Ina takaba. Babu farin yadi a kasuwa, sai Mama Mishi, mahaifiyarsa, ta yanko mini daga ƙyallen da iska ke tura kwalekwalen da shi. Yana warin gishiri da kifi. Ba na so a wanke.

Lahadi, 8 ga Azumi

An hana fita kamun kifi. An hana kunna fitila bayan isha'i, ko da yake kananzir ɗin ma babu. Mai kanti ya ƙi karɓar kuɗin Jamus. Ashana ta ɓace, gida gida ake ɗebo wuta. Mun sha ruwa da dafaffen rogo, muna jin ƙarar teku, miya ba kifi.

Na gaya wa Mama ko ƙwayar gishirin Ingilishi ba za ta ƙetare ƙofar nan ba. 

Talata, 10 ga Azumi

Rogo.

Juma'a, 13 ga Azumi

Yaya Sudi, wan Mwindadi, ya zo ta bayan gida, don ana kama maza a hanya ana sa su dakon kayan soja. Jamusawa ma haka suka yi, bulalar ce kawai ta sauya hannu. Ina jin su da Mama ta bayan labule. Maganar sadakar arba'in ce, za ta faɗo bayan Salla. Ya ce a dafa rogo a yi fatiha, kowa ya san halin da ake ciki.

Mama ta ce, "An binne mini ɗa a guje, ko sahu ɗaya ba a cika ba, duk gari yana daji. Wannan na haƙura. Amma ba za a tuna shi da rogo ba. Shinkafa da madarar kwakwa, yadda aka yi wa ubanku."

Ya ce, "Mama, shinkafar garin nan duk tana bariki."

Ta ce to ta ji.

Ni ma haka nake so, Mwindadi. Kai da ko ranar da kamu bai yi kyau ba sai ka ce a ɗora shinkafa, wai baƙin ciki ba ya son yunwa.

Litinin, 16 ga Azumi

Mama ta cire mundayenta na azurfa ta ba Yaya Sudi ya zaga da su. Ya dawo da su. Ba mai shinkafa, mai ita kuma ba ya son azurfa.

Laraba, 18 ga Azumi

Riziki ta fara yi wa sojoji wanki. Ta shigo hannuwanta duk sun yi fari da sabulu, tana ba ni labari ban tambaye ta ba. Wai da yawansu Musulmi ne, suna azumi, kukunsu wani tsoho mai gemu, Fazal, yana neman mai yin abin buɗa-baki. Ta gaya masa duk unguwarmu ta Chumbageni ba mai masa irin ta Mkasi, wato ni. Za su aiko da shinkafa, in jiƙa in niƙa in soya a cikin gida, ita ta kai. Ladana a shinkafa za a biya, ɗan kofi a kowane kwano.

Na ce ta fita.

Ta ce, "Ƙawata, ba aurensu na ce ki yi ba. Tanda ce za ta gan su, ba ke ba."

Na ce su suka kashe mini miji. Ta ce wannan tsohon in ya harba wani abu to ludayi ne. Ban yi dariya ba. Ta tafi tana cewa taurin kaina ya fi ɓawon kwakwa.

Alhamis, 19 ga Azumi

Mama ba ta yi mini maganar ba. Ta sauko da babbar tukunyar sadaka daga rumfa, ta zauna tana goge ta da toka. Idonta ba ya gani sosai, da yatsa take bin tsatsar. Tun hantsi har la'asar, da azumi a bakinta.

Da ta yi mini faɗa da ya fi sauƙi.

Asabar, 21 ga Azumi

Na aika a kira Riziki. Na ce har arba'in kawai. Ranar da aka yi fatiha na kife tanda.

Litinin, 23 ga Azumi

Shinkafarsu doguwa ce, tsohuwa, tana warin buhu. Na zuba ta a ruwa, na niƙa. Na soya ban sa zuciya ba, wasu sun ƙone, na bar su a ciki da gangan. Riziki ta dawo da kwano wayam, ta ce har ƙonannun sun cinye suna lashe yatsa.

Ladan na zuba a tulu na rufe. Ban ɗanɗana ko guda ba. Mama ta ci biyu.

Juma'a, 27 ga Azumi

Sojoji sun hau itatuwan kwakwarmu sun sauke rabi, ɗanye da busasshe, ba su ma san bambanci ba. An kafa mai gadi a rijiya. In Bature ya taho kowa ya sauka daga hanya, wannan dai ba sabo ba ne. Yaya Sudi a saman rufi yake wuni yanzu.

Kukun ya aiko da sukari da kanumfari a ƙulle cikin tsumma. Na juye duka a ƙullunsu. Riziki ta ce ai ni ya aiko wa, ta gaya masa takaba nake yi. Na tambaye ta ko ta gaya masa dalili. Ta ce ta gaya masa, ya ci gaba da yankan albasa, can ya tambayi sunan mamacin. Bakinsa ya kasa, Mindadi yake cewa.

Wa ya aike ta ta ba shi sunanka.

Talata, 1 ga watan Ƙaramar Salla

Salla. Ba ganga, ba sabon zane. Na yi kuka a bayan gida don kada Mama ta ji, na fito na tarar ita ma idonta ja.

Asabar, 5 ga wata

Azumi ya wuce amma sun ce a ci gaba, da shayi suke ci da safe. Tulu ya kusa cika. Nakan sa hannu in auna da gwiwar hannuna.

Juma'a, 11 ga wata

An yi.

Tun safe muka kankare kwakwa ni da Riziki, muka tace madara. Na auna ruwa yadda na saba auna wa tamu ta gona. A masa ba a gane halin shinkafa, tunda niƙa ta ake yi, ban taɓa dafa wannan ɗungum ba. Bayan sallar Juma'a maza suka zauna a tabarma a ƙofar gida, liman ya fara karatu. Mutane sun zo fiye da yadda muka zata, har waɗanda ke ɓuya sun sauko. Ko don Mwindadi ko don ƙanshin, Allah ya sani.

Na buɗe tukunya. Madara ta shanye tas, ƙasa ta fara kamu, ƙwayar kuwa na murza tsakanin yatsu cikinta fari fat kamar tsakuwa. Kwakwa ta ƙare. In na kwarara ruwa ta dame ta zama kunu, in na bari ta ƙone. Na zauna a ƙasa. Na ce shi ke nan, na sayar da maganata kuma zan kunyata Mwindadi a gaban gari.

Riziki ta ce kukun yana waje. Ashe ya zo ba a gayyace shi ba, ya cire takalma ya zauna can bakin tabarma, mutane suka ja jiki suka bar fili tsakaninsu da shi. Na ce kada ta kuskura. Ta ce, "To zauna ki ciyar da liman tsakuwa," ta fita.

Ta kawo shi bayan dangar kicin. Ban gan shi ba, sai ƙafafunsa ta ƙasan danga, tsofaffin ƙafafu masu faso. Harshenmu a bakinsa gutsure gutsure ne, Riziki take haɗawa. Wai wannan shinkafar ta daɗe a jirgi, ƙishirwa gare ta. A kwashe wutar ƙasa duka. A tafasa ruwa da gishiri a yayyafa da hannu, kada a zuba. A huda ta da muciya wuri wuri, a shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma, a rufe, a ɗora garwashi a kan murfi. Na ƙarshen ai mun sani, haka muke yi. Na bi sauran.

Riziki ta tafi ɗebo faranti a maƙwabta. Ana ta karatu a waje. Can tsohon ya ce ta bayan danga, "Uwa, ta yi?"

Na ce, "Saura kaɗan."

Da bakina. Mai takaba, da baƙon namiji, kuma nasu. Maganar ta fita kafin in kama ta.

Shinkafa ta yi, kowace ƙwaya daban. An ci an ƙoshi, an yi maka addu'a mai tsawo, Mwindadi. Yaya Sudi ya ce da aka kawo faranti ba wanda ya so haɗa hannu da tsohon, sai liman ya jawo shi nasa. Mama ta ci har ta suɗe hannu. Da yamma na je in gaya mata abin da na yi, don tana zaune a bakin kicin lokacin. Ta ce, "'Yar nan, kunnena ya tsufa. Miƙo mini buta."

Ni ma na ci. Loma uku ko huɗu.

Litinin, 14 ga wata

Ban kife tanda ba. Mama ta rame, kuma har yanzu ba a buɗe teku ba. Don ita ne.

Juma'a, 25 ga wata

An kwashe su Fazal an yi kudu da su, inda ake faɗa. Riziki ta ce ya tafi a ƙafa da tukwane a bayan jaki, yana tari. Sabon kukun yaro ne mai tsiwa, ya ce masar ta yi ƙanana. Na ce ta gaya masa tandar ta girme shi.

An kama Yaya Sudi jiya a rijiya, an sa shi dako. Mama ba ta sani ba tukuna.

Akwai jirginsu ɗaya da ke tsaye a tasha, wanda ya yi harbin ko wani irinsa, kullum da hantsi yakan busa ƙaho. Tun zuwansu in ya busa sai in toshe kunne in shige ɗaki. Yau ina tsugune ina duba ƙullu ya busa, na ce, "Mama, lokaci ya yi, turo mini itacen nan." Ta turo. Sai da na zuba layin farko a tanda na ji abin da na faɗa, ashe ƙahonsu ya zama agogona.

Ban tashi ba, don kada su ƙone.